Iskar Rana a Gonar Gwaggo Hure

Tromso, ƙasar Nowe
20 ga Yuni

Zuwa ga Gwaggo Hure,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, kuma gwiwar nan da ta hana ki sakat ta yi sauƙi. Na sauka lafiya. A nan yanzu rana ba ta faɗuwa sam, sai dai ta yi ta kewaya gari, lokacin Makka nake bi in yi salla.

Har yanzu ina jin nauyin yadda na faɗo miki. Rabon da wani daga gidanmu, gidan Malam Tukur na Anka, ya tako Gummi tun rasuwar Baba, shekara tara ke nan, sai ga ni da akwati da wayoyi ina neman aron gona. Ba ki tambaye ni komai ba sai ko na ci abinci.

Kin ce in rubuto miki bayanin a takarda, don da baki na cika sauri. To ga shi. Ba haske da zafi kaɗai rana take aiko mana ba. Kullum tana fesar da wasu ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, suna gudu ta ko'ina cikin sarari. Su muke kira iskar rana. Tana cin kilomita ɗari huɗu a daƙiƙa ɗaya, amma duk da haka sai ta kwana huɗu a hanya kafin ta iso mu. Allah ya lulluɓe duniya da maganaɗisu, shi ke tare ta. In ta bugo da ƙarfi sai maganaɗisun ya girgiza, kuma wannan girgizar ce abin da na binne a gindin tsamiyarki yake ji. Yankinmu wuri ne mai kyau don wannan awo, amma kusan babu mai yi. Karatuna na shekara uku a kan abin da ramin nan zai ji ya rataya. A Anka ba zai yiwu ba, kin san ko ramin shuka mutum ya zurfafa sai masu neman zinari sun biyo bayansa.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A goge farantin sola kowace safiya. Duk mako biyu ki zare katin ajiye awo da ke cikin akwatin da na bari a bukka ki sa sabo, ki ba direban Sakkwato ya kai wa Nana, 'yar kawuna da ke can. Ita za ta turo mini abin da ke ciki tare da hoton wasiƙarki, tawa kuma ta buga ta a takarda ta aiko miki. Sannan kada a sa wa bukkar ƙofar ƙarfe ko rufin kwano.

Ɗanki,
Aminullahi Muntari

*

Gummi
5 ga Zulƙida

Ɗana Aminullahi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa tana nan da halinta. Ruwa ya zauna, gero ya rufe ƙasa.

Na karanta bayaninka sau uku. Shekara ashirin da takwas ina koyarwa a firamare ina gaya wa yara rana fitila ce, ashe har da hura iska take. Kuma duk ranar da ke gasa mu a nan ba ta ishe ka ba, sai ka tafi inda ba ta da tarbiyya, ba ta san lokacin komawa gida ba. Ubanka Muntari taubashina, Allah ya jiƙansa, shi ma haka yake. Ga rijiya a ƙofar gida, shi sai ruwan kogi.

Yanzu ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Dabo, ƙanen maigidana marigayi, ya gan ka ranar da kake gina ramin. Ya yi shekaru a ramukan zinari, Bagega da wajen Bukkuyum. Lokacin gubar dalma ya binne 'ya'ya biyu, amma zinari bai fita ransa ba, samarinsa biyu da suka rage ma suna can. Ya same ni a zaure ya ce, "Hure, mutumen Anka ba ya gina rami banza. Injin gano zinari na, ni na ga irinai hannun baƙi. Ɗiyan Muntari za su cinye gonarki kina kallo." Na ce masa iskar rana ake aunawa. Ya ce, "Iska cikin ƙasa?"

Bakin Dabo kuwa ba ya kwana da magana. Shekaranjiya na tarar da sababbin ramuka biyu a gefen gona. Da dare ban damu ba, karnukan rugar Fulanin da ke maƙwabtaka sun ishi kowa. Da rana ne wurin ke zama babu mutum. Don haka daga Asabar mai zuwa zan mayar da aikin shinkafata gindin tsamiya, ni da mata shida masu taya ni turarawa. Ina son ganin wanda zai tona mini ƙasa ina zaune.

Bukkarka asabari na rataya mata, ko ƙusa ɗaya babu. Ga kati na farko. Ka ci abinci, wuyanka ya yi tsawo.

Gwaggonka,
Hure

*

Tromso
20 ga Agusta

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun yi Salla lafiya. Ni lafiya lau, sai dai ban ga ko ƙafar rago ba. Allah ya saka miki da alheri a kan tsaron da kike yi. Ki rabu da Kawu Dabo, zai gaji.

Gwaggo, ga babban labari. Katunanki sun zo da abin da ban taɓa gani a littafi ba. An san awon yakan hau a hankali da rana ya sauka da yamma. To naki, tun daga 13 ga Yuli, da hantsi ya yi sai ya daka tsalle lokaci ɗaya, ya tsaya can sama har la'asar, sannan ya faɗo. Na duba na sauran ƙasashe, babu mai yin haka sai Gummi. Na haɗa kwanakin duka na fitar da zane ɗaya na nuna wa malamata. Ta daɗe tana kallo, ta ce in abin ya tabbata zan gabatar da shi a babban taron masana a watan Disamba.

Wasu kwanaki tsallen ba ya bayyana, ban gano dalili ba tukuna: 19 da 26 ga Yuli, sai 2, 9, 11 da 12 ga Agusta. Wataƙila a nan sirrin yake.

Ki yi tunani, sunan Gummi a bakin masana! Na yi kwana uku ban yi barcin kirki ba. Ki taya ni addu'a.

Aminullahi

*

Gummi
28 ga Zulhajji

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Mun yi Salla lafiya, na soya maka naka kason na cinye a madadinka.

Na ɗauko kalandar bango na bi kwanakin da ka lissafa da yatsa. Huɗu na farko duk Juma'a ce. Biyun ƙarshe Babbar Salla da washegari. Na ce ikon Allah, ashe ranar Aminullahi ta musulunta, har tana zuwa Idi.

Ɗan nan, mu ne ba ma aiki ran Juma'a. Da duro huɗu na ƙarfe muke turara shinkafa. Da hantsi amalanke ke kawo su, da la'asar ya mayar da su gida don kada 'yan jari-bola su yi gaba da su. Kamar taku biyar daga raminka muke jera su, nan ne inuwa ta fi kauri. Ranar 13 ga Yulin da ka ce, ita ce Asabar ɗin da muka fara.

Na karanta wa matan wasiƙarka na ce ashe mu ne iskar rana. Habsu ta yi dariya har ta ƙware, sai da aka bubbuga mata baya. Yanzu in amalanke ya taho sai su ce ga rana ta fito.

In ƙarfen ne ba a so a wurin, sai ka faɗa. Kai bukka ka ce mini, ba ka ce rami ba. Abu ɗaya dai na sani, tun da muka koma can babu wanda ya ƙara dasa diga a gonar.

Gwaggonka,
Hure

*

6 ga Satumba

Gwaggo, duro huɗu! Awon wata biyu ya tafi a banza, kuma na riga na kai shi gaban malamata. Abin da kuke wa dariya a gindin tsamiya shi ne rayuwata. Da na san haka za a yi, da na nemi wanda ya san darajar abin na ba shi amana. A kwashe duk wani ƙarfe, kada a bar ko cokali taku hamsin daga ramin.

Aminullahi

*

Tromso
12 ga Oktoba

Zuwa ga Gwaggo Hure,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta gwiwa, da Habsu da sauran matan. Na san wancan karon ban yi haka ba.

Kati biyu sun iso, babu wasiƙa. Na tambayi Nana ko ta ɓatar, ta ce ambulan ɗin ba komai sai kati. Na duba awon, tun tsakiyar Satumba tas yake. Wato ranar da kika karanta zagin da na yi miki, a ranar kika kwashe duro. Wannan ya fi komai sa ni jin kunya.

Laifin nawa ne daga farko har ƙarshe. Ni ne ban ce miki rami ba. Ke kin rubuta mini ƙarara cewa za ki mayar da aikin shinkafa wurin, ni ɗan Anka da na girma ina ganin yadda ake turara shinkafa ban tsaya na tambayi kaina da me ake yi ba. Kuma duk mai wannan karatu ya san abin da ke hutawa duk kwana bakwai aikin mutum ne. Na gani, na kau da kai, don ina son abin ya zama gaskiya. Da asirina ya tonu sai na huce a kanki.

Na je na gaya wa malamata komai. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce taron Disamba babu ni. Ta ce in na'urar ta kawo awon wata shida a jere mai tsabta, karatuna zai ci gaba. In ya sake yankewa za a ɗauke ta a kai wata ƙasa, ni kuma in tattara in dawo.

Ba don wannan na rubuto ba. Ko za a ɗauke ta gobe, ina roƙon ki yafe mini. Rana ta fara guje mana a nan, kullum dare na ƙara tsawo, kuma babu wanda ke ce mini in ci abinci.

Ɗanki mai laifi,
Aminullahi

*

Gummi
3 ga Rabi'ul Awwal

Aminullahi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. An fara yankan shinkafa a fadama, ta yi kyau bana.

Ba zan ɓoye maka ba, wasiƙar nan taka ta sa ni kuka. Ba duro ba ne, ba wata biyun ba ne. Cewar da ka yi da ka nemi wanda ya san darajar abin. Ni da nake jan ƙafa kowace safiya zuwa gona don in goge maka faranti. Na yafe, don ka roƙa kuma ka faɗi laifinka da bakinka. Amma ka sani abin ya yi mini ciwo.

To ga halin da ake ciki, kuma ba mai daɗi ba ne. Da aka kwashe duro matan suka koma aiki gida, gona ta koma babu kowa. Ramuka yanzu bakwai ne, ɗaya taku goma daga naka. Dabo ya ce korar ƙarfe da aka yi ita ce babbar shaida, don injin zinari ba ya son wani ƙarfe kusa. Ya kai magana gaban Maigari, ya ce a tono abin kowa ya gani, ko kuwa samari su tono da kansu. Maigari mutumin kirki ne, amma tsoro yake kada labari ya kai kunnen waɗanda ba a son su ji, gari ya cika da baƙi.

Akwai abin da ban gaya maka ba. Malamar makaranta ba ta iya ganin abu kullum ba ta kira suna ba. Tun farko, in na goge faranti da sassafe, kafin amalanke ya zo, nakan tsaya in kalli lambobin da ke fuskar akwatin in rubuta a tsohuwar rajista. Yawanci kwance suke, lambar ƙarshe kaɗai ke ɗan motsi, sai in rubuta "kwance". Wani lokaci kuwa sai ka ga uku na ƙarshe suna hawa da sauka, in rubuta "rawa". Ƙananan rawa suna nan birjik, amma manya huɗu ne. Ta farko Litinin, 4 ga Zulhajji. Ta biyu Lahadi, 1 ga Muharram. Ta uku Asabar, 28 ga Muharram. Ta huɗu Juma'a, 25 ga Safar. Na ƙirga tsakaninsu, kwana ashirin da bakwai ne cif kowane karo, shi ya sa ranar ke ja da baya da ɗaya.

Da Maigari ya ce in yi magana, ban san lokacin da na ce ba, "Ranka shi daɗe, zinari yana zuwa yana komawa? In abin ga zinari shika ji, kullum ɗai za a gani. Ni kau na ce ran Alhamis, 23 ga wanga wata, zai yi rawa. In bai yi ba, ni da hannuna zan miƙa ma Dabo diga."

Maigari ya yarda. Ya sa Liman ya riƙa zuwa yana kallon lambobin tun yanzu, don ya san yadda kwance take.

Na san na yi caca da karatunka ba da izininka ba. Ban ga wata hanya ba. Ka gaya mini gaskiya, lissafina daidai ne ko kuwa wani duron ne?

Hure

*

Tromso
13 ga Nuwamba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Na gode da yafiya. Nana ta yi tafiya, sai jiya wasiƙarki ta iso, ina roƙon Allah wannan ta same ki kafin Alhamis.

Ba duro ba ne. Na duba kwanakinki huɗu a awon ƙasashe biyar, duk sun girgiza tare. Abin da kika gano da rajista shi ne ainihin abin da na zo karantawa. Rana tana juyawa, kuma daga inda muke kwana ashirin da bakwai take yi kafin ta sake nuno mana fuska ɗaya. A jikinta wani lokaci akan sami wata kafa da iska ke fita da ninkin gudu. Ki ɗauka mace ce ta riƙe buta tana zuba ruwa tana juyawa a tsakar gida. Ruwan zai lanƙwasa ya bi ta, kuma duk wanda ke zaune a gefe sai ya jiƙe sau ɗaya a kowane zagaye. Mu ne na zaune a gefen. Na nuna wa malamata hoton wasiƙarki na fassara mata, ta ce a tambaye ki ko za ki yarda a ɗauki hoton rajistar duka.

Amma Gwaggo, akwai abin tsoro. Kafar nan ba dawwama take ba. Takan yi wata biyar ko shida ta toshe. Tun watan jiya ta fara ƙanƙancewa, yanzu kuma tana bayan rana, ba na iya ganinta. In ta ƙanƙance iskar takan rage gudu ta makara da kwana ɗaya ko biyu. Tana iya kuma ƙin zuwa gaba ɗaya.

Ki koma wurin Maigari tun da wuri ki nemi a ba ki Alhamis har Asabar. In ba ta zo ba, kada ki tsaya gaban diga da gwiwar nan. A bar su su tono. Na'ura ce, wata rana a sami wata. Ba na son in sake rasa ki.

Ɗanki,
Aminullahi

*

Gummi
27 ga Rabi'ul Awwal

Ɗana Aminullahi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai gajiya. Zauna ka ji, kada ka tsallake zuwa ƙarshe kamar yadda ka saba.

Ran Alhamis tun hantsi gona ta cika. Maigari a kujera, Liman a bakin bukka, Dabo da samari kamar ashirin a bayan shinge da diga da shebur. Habsu ta kawo kunu, har da mai sayar da rake. Lambobinka kuwa kwance, kamar an yi musu wanka an shafa musu mai. Azahar ta yi, kwance.

Muna idar da salla sai ga direban Sakkwato da wasiƙarka, motarsa ta kwana biyu a gareji. A gaban mutane na karanta. Da na kai inda ka ce tana iya ƙin zuwa gaba ɗaya, sai na ninke takardar. Maigari ya ce, "Malama, mi ɗan naki yac ce?" Na so in ce gaisuwa ce kawai. Amma na tuna abin da ɓoye Juma'a ya jawo maka, sai na karanta musu duka, har da macen da butarta.

Dabo ya ce, "Kun ji ko. Tun ba a je ko'ina ba sun fara neman hanyar gudu." Samari suka fara tsallako shinge. Maigari ya ɗaga sanda ya ce, "Wadda tak karanta abin da ka kashe ta da bakinta, ba a hana ta kwana guda. Amma Asabar ta yi nisa. Gobe in anka kira sallar Juma'a ba ta yi ba, a gina."

Ran Juma'a na goge faranti, na leƙa, kwance. Na zauna a ƙasa na jingina da bukka, ban ma iya addu'a mai tsawo ba. Ba karatunka kaɗai nake tunani ba, ina ganin gonar da na ci shekara talatin ina nomawa ta koma ramuka. Mutane suka taru, ba su kai na jiya ba, amma masu diga babu wanda ya fasa. Rana ta ɗaga sosai, wasu sun fara tafiya wanka, sai na ji Liman daga ciki yana cewa, "La ilaha illallahu. Malama, taho ki gani."

Aminullahi, rawa suke. Ba irin ta watannin baya ba, ta fi ƙanƙanta, amma ko makaho aka karanta wa ya san ba ta jiya ba ce. Ta hau ashirin, ta sauka talatin, ta sake hawa. Mutane suka yi layi suna shiga bibbiyu.

Dabo bai yarda ba. Ya ce wani ne ke yawo da ƙarfe. Ya kori kowa har ni zuwa bakin hanya, ya zagaye tsamiya sau biyu yana duba ciyawa, sannan ya shiga bukka shi kaɗai. Ya daɗe. Da na gaji na bi shi, sai na same shi tsugune, ya ƙura wa akwatin ido. Bai juyo ba ya ce, "Hure, ashe babu komi ƙasan ga." Na ce babu. Ya ce, "Ni so niy yi a ce akwai. Da ɗiyana sun dawo sun yi gina nan kusa, in riƙa ganinsu." Shekara tara, tun lokacin gubar dalma, ina ganin Dabo mai kwaɗayi ne, ban taɓa tambayarsa ba. Na tsuguna kusa da shi da gwiwar tawa, muka yi ta kallon lambobi har aka kira salla.

Bayan an sauko Maigari ya yi shela a ƙofar masallaci, ya ce duk wanda ya ƙara dasa diga a gonar Malama Hure da shi yake yi. Na'urarka tana nan inda ka binne ta, ba a taɓa ko ƙasar kanta ba. Ka ƙirga wata shidanka da kwanciyar hankali. Rajista kuma a ɗauki hotonta, amma ka gaya wa malamarka rubutun farkon shafi na gaggawa ne.

Ran Asabar da na je goge faranti na tarar an riga ni. Dabo ne, ya goge da hannun rigarsa, kuma ya cike ramuka uku. Na ce masa akwai fadamata ta ƙasa da ba ni da ƙarfin nomawa da rani, in samarinsa suna so. Jiya kuwa ya aika musu saƙo Bukkuyum.

Yau da safe ya tsare ni da tambaya. Ya ce, "To wagga iska, in ta wuce mu, ina taka zuwa?" Na ce masa ban sani ba, amma ina da ɗa wanda aikinsa ke nan. Ka rubuto masa amsa shi da kansa, da manyan baƙi, idonsa ba ya gani sosai. Kuma ka fara da gaisuwa.

Gwaggonka,
Hure